Koci ko 'yan wasa: wa ke da alhakin koma-bayan Mena?

Duk ranar da Mena ta sha kashi, gardama iri ɗaya ce ke tashi a fadodin matasa, daga unguwannin Yamai har zuwa Dogondutsi, Tibiri da Sukukutane. Wasu su ce a kori koci, bai iya jera 'yan wasa ba. Wasu su ce kocin ba shi da laifi, yaran ne ba su da zuciya, ba su san darajar rigar da suka sa ba. Gardamar ba ta tsaya ga tawagar ƙasa kaɗai ba. Idan tawagar wata kwaleji ko lise ta faɗi a gasar makarantu, ko ƙungiyar unguwa ta fita daga gasar babban hutu da ake kira TGV, abin da za a ji ke nan: ko dai malamin motsa jiki ne ya ɓata lissafi, ko kuma yara ne suka yi sakaci.

Tambayar tana da muhimmanci, domin amsar da aka ba ta ita ke nuna inda kuɗi za su tafi da wanda zai rasa aikinsa. Rabon Nijar da zuwa gasar cin kofin nahiyar Afirka tun 2013. An buga gasar a karo shida bayan nan ba tare da Mena ba, duk da cewa tun 2019 aka ƙara yawan ƙasashen da ke halarta daga 16 zuwa 24. Tarihin waɗannan shekaru ya nuna cewa koci yana da nasa kason laifi, 'yan wasa ma suna da nasu, amma kaso mafi girma yana kan masu ɗaukar koci su sallame shi, masu haƙƙin tanadar filin wasa, da masu haƙƙin renon yara tun daga makaranta. An daɗe ana barin jaki ana dukan taiki.

Darasin Harouna Doula

A watan Oktoban 2010 Mena ta doke Masar da ci 1-0 a Yamai, a lokacin Masar na riƙe da kofin Afirka sau uku a jere. Moussa Maâzou ne ya ci ƙwallon. Kocin da ya jagoranci wasan ɗan ƙasa ne, Harouna Doula Gabde. A wannan zagaye na neman gurbi Nijar ta ci dukkan wasanninta uku na gida, da Masar da Saliyo da Afirka ta Kudu, ta kuma faɗi dukkan ukun da ta buga a waje. Ƙasashe uku suka ƙare da maki tara-tara, aka duba sakamakon karawar da suka yi a tsakaninsu, Nijar ta haye. 'Yan wasan Afirka ta Kudu har rawa suka yi a fili suna zaton su ne suka samu gurbin, saboda ba su fahimci dokar gasar ba. Wannan ne karon farko da Nijar ta je gasar a tarihinta, kuma Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF, ta zaɓi Doula a matsayin gwarzon kocin nahiyar na 2011.

Sai ga shi kafin a tafi gasar 2012 a Gabon da Equatorial Guinea an kawo masa Bafaranshe Rolland Courbis da sunan mai ba da shawara. Da Gabon ta ci Nijar 2-0 a wasan farko, aka mayar da Doula gefe, Courbis ya karɓi ragama. Idan da koci ne matsalar, ya kamata a ga canji. Tunisiya ta ci Mena 2-1, Maroko ta ci ta 1-0, aka dawo gida babu maki ko ɗaya. Bayan 'yan watanni Courbis shi ma ya kama gabansa.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka, wannan Doula da aka ce bai isa ba shi ne ya kai tawagar 'yan wasan cikin gida wasan kusa da na ƙarshe a gasar CHAN da aka yi a Aljeriya a farkon 2023, bayan ya doke Kamaru 1-0 a rukuni da Ghana 2-0 a zagayen kwata fainal. Mutum ɗaya ne, an yi masa kirari, an wulaƙanta shi, an sake yi masa kirari. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne ra'ayin masu yanke hukunci a kansa.

Manyan sunaye, sakamako guda

Bayan Courbis, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijar, FENIFOOT, ta ɗauko Bajamushe Gernot Rohr a 2012. Ya fitar da Gini ya kai Mena gasar 2013 a Afirka ta Kudu, inda ta samu makinta na farko a tarihin gasar bayan canjaras babu ci da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Mali da Ghana sun ci ta, kuma ba ta zura ƙwallo ko ɗaya ba a wasanni ukun. Rohr ya tafi a 2014 ba tare da ya iya maimaita abin ba. Da ya karɓi Najeriya a 2016, ya kai ta gasar cin kofin duniya ta 2018, ya kuma zo na uku a gasar Afirka ta 2019.

François Zahoui na Kodebuwa ya zo a 2015. Shi ne ya kai ƙasarsa wasan ƙarshe na gasar 2012 ba tare da an zura mata ƙwallo ko ɗaya ba, sai a bugun fenareti Zambiya ta ɗauke kofin. Ya yi kusan shekara huɗu a Yamai, bai kai Mena gasar Afirka ba. Jean-Guy Wallemme ya biyo baya, sai Jean-Michel Cavalli, wanda a lokacinsa Aljeriya ta ci Nijar 6-1 a Blida da 4-0 a Yamai a watan Oktoban 2021. A ƙarshen 2023 aka kawo Badou Zaki, tsohon mai tsaron gidan Maroko, wanda ya kai ƙasarsa wasan ƙarshe na gasar 2004.

Zai yi wuya a ce duk waɗannan mutane ilimin ƙwallonsu ya ɓace ne da suka sauka a filin jirgin Diori Hamani. Zahoui a Abidjan yana da Didier Drogba da Yaya Touré. Rohr a Najeriya yana da 'yan wasan da ke bugawa a manyan gasannin Turai kowane mako. Koci yana dafa abin da ya tarar a rumbu ne. Marubutan littafin Soccernomics, Simon Kuper da Stefan Szymanski, sun bi diddigin ƙungiyoyin Ingila na shekaru masu yawa, suka gano cewa yawan albashin da ƙungiya ke biyan 'yan wasanta shi ke bayyana kimanin kashi 90 cikin ɗari na matsayin da take ƙarewa a tebur idan aka ɗauki tsawon lokaci. Ma'ana, ingancin 'yan wasa ya fi dabarar koci tasiri nesa ba kusa ba.

Kason koci

Wannan bai wanke koci ba. Shi ke zaɓen wanda za a kira sansani, shi ke tsara yadda za a tsaya a fili, shi ke yin canji idan wasa ya juya. Idan ya bar ɗan wasan da ke kan ganiyarsa a gasar cikin gida ya kira wanda ke zaman benci a ƙasar waje saboda suna, laifinsa ne. Idan yana zaune a Turai ko Arewacin Afirka sai mako guda kafin wasa ya sauko, bai san abin da ake bugawa a Maraɗi ko Damagaram ko Arlit ba, laifinsa ne, kuma laifin wanda ya sa hannu a kwangilar da ta ba shi damar yin haka.

Akwai kuma lokacin da sauya koci ke ceto tawaga. A watan Janairun 2024 Kodebuwa, mai masaukin baƙi, ta sha kashi 4-0 a hannun Equatorial Guinea, aka sallami Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, mataimakinsa Emerse Faé ya karɓa, ya kuma ɗauki kofin bayan doke Najeriya 2-1 a ranar 11 ga Fabrairu. Masu cewa a kori koci suna yawan kafa hujja da wannan. Sai dai Faé ya gaji tawaga ce cike da gwanaye waɗanda hankalinsu ya tashi, aikinsa shi ne ya kwantar musu da shi. Abin da aka yi wa Doula a 2012 magani iri ɗaya ne, amma cutar daban ce, shi ya sa bai yi aiki ba.

Kason 'yan wasa

Su ma 'yan wasa akwai abin da ba za su iya ɗora wa kowa ba. A neman gurbin gasar 2025 Mena ta samu maki ɗaya kacal a wasanni huɗu na farko. A watan Nuwamban 2024, koci bai sauya ba, amma ta ci Sudan 4-0, bayan kwana huɗu ta bi Ghana har Accra ta doke ta 2-1. Ta ƙare da maki 7, Sudan ta haye da 8. Tawagar da ta iya yin haka a Nuwamba tana da ikon samo maki biyu a Satumba da Oktoba. Tashi a makare irin wannan alhaki ne da 'yan wasa za su raba da kocinsu.

A watan Satumban 2025 a Rabat, an kori ɗan wasan Nijar da jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, Maroko ta ƙare wasan da 5-0. Babu kocin da zai shiga fili ya riƙe ƙafar ɗan wasan da ya riga ya karɓi katin gargaɗi. Kuma wannan ci ya yi tsada: Nijar ta ƙare ta biyu a rukuninta na neman zuwa gasar duniya ta 2026 da maki 15, abin da ya cancanci yabo, amma yawan ƙwallayen da aka zura mata ya sa ba ta shiga cikin ƙasashe huɗu da suka tafi wasan cike gurbi ba. Natsuwa, kiyaye doka, kula da jiki da barci da abinci, duk suna wuyan ɗan wasa.

Amma zargin rashin kishin ƙasa da ake yawan jifansu da shi zalunci ne a mafi yawan lokuta. A kokowar gargajiya, idan ɗan kokowa ya faɗi a gasar takobi, kowa ya ga gwiwar wa ta taɓa ƙasa, kuma idan Issaka Issaka ya kawo wa jihar Dosso takobi an san ƙarfin wa ya yi aiki. Ƙwallo ba haka take ba. Mutum goma sha ɗaya ne ke bugawa, kuma abin da kowannensu zai iya yi a minti na 80 ya dogara ga irin horon da ya samu tun yana ɗan shekara goma. Ɗan wasan da bai fara samun koci na gaskiya ba sai da ya kai shekara 17 zai iya mutuwa a fili don kishi, amma ba zai karɓi ƙwallo ya juya da ita kamar wanda ya tashi a makarantar horo ba.

Tawagar da ba ta da gida

Nasarar 2011 da ta 2012 a filin Janar Seyni Kountché aka gina su, cikin zafin Yamai da ihun 'yan kallo. Masar da Afirka ta Kudu da Gini duk a nan suka faɗi. Daga 2022 zuwa 2025 kuwa, saboda filin bai cika sharuɗɗan CAF ba, Mena ta riƙa karɓar baƙinta a ƙasashen wasu: Benin, Tunisiya, Maroko, Togo. Wasan da aka ci Sudan 4-0 a Lome aka buga shi. A watan Maris na 2025 wasan da ake kira na gida tsakanin Nijar da Maroko an yi shi ne a birnin Oujda, cikin Maroko, gaban magoya bayan Maroko, aka kuma ci Mena 2-1 a ƙarshen lokaci.

Ƙasar da makaminta mafi kaifi shi ne filin gida, an raba ta da shi shekara da shekaru. Koci bai hana gyaran ciyawa da fitilu da ɗakunan sauya kaya ba. Ɗan wasa ma bai hana ba. Filin na gwamnati ne, kuma ma'aikatar da ke kula da wasanni da FENIFOOT su ne ya kamata su amsa tambayar. Kanal-Manjo Djibrilla Hima Hamidou, wanda aka fi sani da Pelé, ya hau shugabancin hukumar a 2009. A zamaninsa aka samu zuwa gasar Afirka sau biyu, kuma wannan abin a yaba masa ne. A zamaninsa kuma aka yi rashin zuwa sau shida, aka sauya koci bayan koci. Wanda ya karɓi yabon farko ya kamata ya karɓi tambayar da ta biyo baya.

Tushen yana makaranta

Manyan ƙungiyoyin gasar ƙasa yawancinsu a Yamai suke, kuma da dama na hukumomin gwamnati ne: AS FAN ta soja, AS GNN ta dogarawan ƙasa, USGN ta jandarma, AS Police, AS Douanes, Nigelec. Yaron da ya iya ƙwallo a Sukukutane ko Tibiri yana da nisa da idon waɗannan ƙungiyoyi. Hanyar da ta fi kusa da shi ita ce makaranta, kuma a nan ne gardamar koci da 'yan wasa ta fi zama abin takaici.

Kocin tawagar kwaleji a karkarar Arewa galibi malamin motsa jiki ne, idan makarantar ta yi sa'a tana da shi. Filin rairayi ne, ƙwallo ɗaya ko biyu, wasu yaran babu takalmi. Da damina ta sauka yaran suna gona, da rani wasu sun tafi ci-rani. Idan za a je wasa Dogondutsi ko Dosso, kuɗin mota sai an yi karo-karo. Malamin da ya haɗa tawaga cikin wannan hali ya faɗi da ci uku, sannan gari ya ce shi ne bai iya ba, an zalunce shi. Yaran da suka yi tafiyar sa'o'i a bayan mota suka shiga fili da yunwa, aka ce ba su da zuciya, su ma an zalunce su.

A Amurka, inda ƙwallon jami'o'i ta zama babbar kasuwa, Jami'ar Texas A&M ta sallami kocinta Jimbo Fisher a watan Nuwamban 2023, ta kuma ɗauki nauyin biyansa fiye da dala miliyan 75 na ragowar kwangila. A can ana iya ɗora wa koci laifi kai tsaye, domin an ba shi fili da likitoci da mataimaka da kuɗin nemo 'yan wasa, shi ya zaɓi kowane yaro da hannunsa. Gwargwadon abin da aka ba mutum, gwargwadon abin da za a tambaye shi. Malamin kwalejin ƙauye ba a ba shi komai ba sai usur.

Kuma an riga an ga abin da yaran Nijar za su iya idan aka kula da su. Tawagar 'yan ƙasa da shekara 17 ta fitar da Najeriya, mai riƙe da kofin duniya a lokacin, a neman gurbin gasar Afirka ta 2017. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Gabon, ta je gasar duniya a Indiya, ta doke Koriya ta Arewa 1-0, ta tsallaka zagaye na biyu kafin Ghana ta fitar da ita. Nijar ta karɓi baƙuncin gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 17 a 2015, da ta 'yan ƙasa da 20 a Yamai da Maraɗi a 2019. Ya kamata FENIFOOT ta fito ta bayyana wa jama'a inda yaran 2017 suke a yau, nawa ne suka kai babbar tawaga, me ya tare sauran. Wannan bayani zai fi kowace sanarwar sabon koci amfani.

Ƙasashen da suka wuce gaba haƙuri da tushe suka yi. Senegal ta riƙe Aliou Cissé daga 2015 zuwa 2024, ya faɗi wasan ƙarshe a 2019 ba a kore shi ba, ya ɗauki kofi a watan Fabrairun 2022, kuma bayansa akwai makarantun horo irin su Génération Foot da Diambars. Cape Verde, ƙasar da mutanenta ba su wuce kimanin rabin miliyan ba, ta riƙe kocinta ɗan gida Bubista tun 2020, ta samu gurbin gasar duniya ta 2026.

Abin da ya kamata a yi

Kowane koci da za a ɗauka, ɗan gida ko baƙo, a rubuta masa a kwangila abin da ake so ya cimma da tsawon lokacin da aka ba shi, a sanar da jama'a. A wajabta masa zama a ƙasa da kallon wasannin cikin gida har na jihohi. Idan ya gaza a kan abin da aka rubuta, a sallame shi babu jin kunya. Idan bai gaza ba, kada a miƙa shi hadaya don a kwantar da fushin 'yan kallo. Kocin gida kuma a ba shi albashi da mutunci da kayan aiki irin wanda ake ba baƙo, kada a maimaita abin da aka yi a 2012.

'Yan wasa a biya su haƙƙoƙinsu a kan lokaci, sannan a riƙe su da dokar ladabtarwa ɗaya, babba da yaro, na waje da na gida.

Gwamnati ta ɗauki filin Seyni Kountché a matsayin abin da ba za a sake bari ya faɗi ƙasa da sharuɗɗan CAF ba, da kasafin kula da shi kowace shekara. FENIFOOT kuma, wadda kamar kowace hukumar ƙasa take da damar samun har dala miliyan 8 daga shirin FIFA Forward tsakanin 2023 da 2026, ta wallafa dalla-dalla nawa ya tafi ga gasar yara da horar da masu horarwa a jihohi, nawa ya tsaya a Yamai.

Ma'aikatun ilimi da na wasanni su tsayar da gasar makarantu mai kalanda tabbatacciya, daga matakin gunduma zuwa jiha zuwa ƙasa, a ba malaman motsa jiki horon koci na matakin farko. Hukumomin gundumomin Dogondutsi da Tibiri, da 'yan kasuwar Arewa da ke Yamai da ƙasashen waje, za su iya ɗaukar nauyin ƙwallaye da riguna da kuɗin mota na tawagar kwaleji guda da kuɗin da bai kai na bikin aure ɗaya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Su kuma magoya baya, haƙƙinsu ne su yi fushi idan an ci Mena. Amma kafin a ce a kori koci ko a zagi mai tsaron gida, a fara tambaya: a wane fili aka buga wasan, kwana nawa tawagar ta yi a sansani, kuma yaushe rabon da wani daga hukuma ya je kallon wasan yara a Sukukutane.